Bauri da Tsawon Zamani: Daga Huhun Goro Zuwa Ɗakin Ajiyar Inabi

Duk wanda ya taɓa raka dattijo sayen goro a kasuwar Gusau ko ta Tsafe ya san cewa ba girman goro kaɗai ake dubawa ba. Dattijon zai ɗauki ƙwara ɗaya ya jujjuya, ya ɓare, ya ɗan gatsa, sa'an nan ya tambayi mai goro ko sabo ne ko daushe. Idan daushe ne, wato goron da ya daɗe a ajiye tun kakar da ta wuce, ba ya jin ƙyashin ƙara kuɗi. In ka tambaye shi dalili, zai ce maka sabon goro yana da bauri da yauƙi, shi kuwa daushe ya kwanta, yana da garɗi. Iyakar bayaninsa ke nan, kuma gaskiya ya faɗa. Aikin ɗalibin kimiyya shi ne ya ƙara tambaya: mene ne baurin nan, kuma me kwanaki suke yi masa har ya kwanta?

Amsar wannan tambaya za ta kai mu wuraren da ba a zata ba, domin sinadarin da ke kama bakin mai cin goro shi ne yake mayar da ɗanyar fata jemammiya a majema, shi ne kuma ya sa manoman inabi na ƙasar Faransa da Italiya suke gina ɗakuna a ƙarƙashin ƙasa suna ajiye kwalabe shekara ashirin kafin su buɗe.

Mene ne bauri?

Hausa ta bambanta ɗaci da tsami da bauri, kuma a nan ta fi harsuna da yawa tsantseni. Ɗaci da tsami ɗanɗano ne, harshe ne yake jin su. Bauri kuwa ba ɗanɗano ba ne a haƙiƙa, taɓawa ce. Idan ka ci ɗanyar kanya, ko ayabar da ba ta nuna ba, ko ka sha shayin da ya daɗe a kan wuta ba madara, za ka ji bakinka ya bushe, harshe yana kartar ganɗa, dasashi kamar an ɗaure shi.

Abin da ya faru shi ne, a cikin yawun ɗan Adam akwai wasu sinadaran furotin waɗanda aikinsu shi ne sa baki santsi. A cikin waɗannan 'ya'yan itatuwa kuma akwai wani rukunin sinadarai da masana ke kira tanin. Halin tanin shi ne, duk inda ya gamu da furotin sai ya manne masa, ya haɗa wannan ƙwaya da waccan har su dunƙule su fita daga cikin ruwa. Da zarar furotin ɗin yawu ya dunƙule, santsin ya tafi, sai tsoka ta goga da tsoka. Wannan gogayya ita muke kira bauri. Shi ya sa madara take rage baurin shayi: tanin yana samun furotin ɗin madara ya kama tun a cikin kofi, kafin ya iso baki.

Tsiro ba don mu yake ƙera tanin ba. Makaminsa ne na kare kai daga ƙwari da dabbobi da ƙwayoyin cuta. Kanya tana riƙe baurinta har sai ƙwallonta ya ƙosa, sa'an nan ta sake shi, ta yi zaƙi, domin a lokacin ne take bukatar tsuntsu ko biri ko yaro ya ci ya jefar da irin a wani wuri.

Sunan tanin ya samo asali ne daga sana'ar jima. Wani masanin haɗa sinadarai Bafaranshe, Armand Seguin, shi ya yi amfani da kalmar a 1796 yana nufin abin da ke cikin ɓawon itace wanda yake jeme fata. Daga baya aka gane cewa tanin gida biyu ne. Gida na farko ƙwayoyin wani asid ne, asid na galik da danginsa, a liƙe jikin ƙwayar sukari, kuma ruwa mai tsami yana iya warware su. Gida na biyu sarƙa ce ta wasu ƙananan ƙwayoyi da ake kira katekin, ɗaya maƙale da ɗaya, daga biyu ko uku har zuwa gommai. Irin wannan na biyu shi ne a fatar inabi da ƙwallonsa, kuma katekin ɗin da ake ƙulla shi da su suna nan a goro da ganyen shayi. A riƙe wannan bambanci, za mu koma kansa.

Abin da ke faruwa a cikin kwalba

Babu inda aka nazarci tsufan tanin kamar a jar giyar inabi, domin dukiya mai yawa ta rataya a kanta a ƙasashen Turai. Giya haramun ce ga Musulmi, kuma dokar Jihar Zamfara ta hana sayar da ita tun shekarar 2000. Ta fuskar lafiya ma, Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2023 cewa babu wani adadin barasa da za a ce ba ya cutarwa. Abin da ya kawo mu nan ilmin da aka samo ne, domin dokokin da aka gano a cikin kwalbar nan su ne suke aiki a huhun goro da kwarin jima da tulun zoɓo.

Ruwan da ke cikin yawancin inabi, ko da baƙi ne, ba shi da launi. Launi da tanin suna cikin fata da ƙwallo. Saboda haka mai son jar giya yakan murƙushe inabin ya bar ruwan tare da fatar da ƙwallayen, mako ɗaya zuwa uku ko fiye, yis yana mayar da sukari barasa, barasar kuma tana tatso tanin da launi. Wasu irin inabi, kamar Cabernet Sauvignon na yankin Bordo a Faransa da Nebbiolo na arewacin Italiya, suna ba da tanin mai yawan gaske, har ya kan kai giram biyu ko uku a kowace lita. Irin wannan giya, tana sabuwa, masu shanta da kansu suna cewa baurinta ya yi yawa. Don haka ake ajiye ta. A garin Barolo na Italiya doka ce ma: ba a sayar da giyar da ke ɗauke da sunan garin sai ta yi aƙalla wata 38 a ajiye, 18 daga ciki a gangar katako.

Matakin farko na ajiya a gangar nan ne, wadda ake yi da katakon wani itace mai suna ok. Ta Bordo tana cin lita 225. Katakon yana ƙara wa giyar tanin irin na gida na farko, kuma yana barin iska kaɗan-kaɗan tana ratsawa. Bayan shekara ɗaya ko biyu sai a ɗura a kwalba, a toshe da toshiya ta ɓawon itace, wadda kusan rabin ta duniya daga ƙasar Fotugal take fitowa, inda ake saɓule ɓawon itacen sau ɗaya a shekara tara. Ita ma toshiyar ba ta hana iska ɗungum. Mai kyau takan bar abin da bai fi miligiram ɗaya ko biyu na oksijin ya shiga a shekara ba.

Wannan 'yar iska ita ce kan maganar. Louis Pasteur ne ya nuna haka a littafinsa na nazarin giya da ya fito a 1866, bayan Sarkin Faransa Napoleon na Uku ya nemi ya binciko abin da ke lalata giyar ƙasar. Pasteur ya zuba giya a bututun gilashi ya liƙe bakinsu, wasu a cike maƙil, wasu da iska a sama. Na ciken suka zauna kusan yadda suke, masu iskar kuwa launinsu ya sauya, laka ta kwanta a gindi, suka ɗauki kamannin tsohuwar giya cikin ɗan lokaci. A cikin wannan aiki ne kuma ya gano cewa ɗumama giya zuwa digiri 50 ko 60 yana kashe ƙwayoyin da ke tsamar da ita, dabarar da daga baya aka mayar kan madara, wadda kuma ta ceci rayukan yara marasa adadi. Wato binciken da aka fara don kwalbar giya ya ƙare a kwanon nono.

To, me oksijin yake yi? Da farko yana gamuwa da tanin da danginsa, kuma a nan tanin yake zama garkuwa: shi yake shanye iskar kafin ta ɓata sauran abin da ke cikin kwalbar. Shi ya sa giya mai tanin da yawa take jure shekaru, marar shi kuwa ta lalace da wuri. A cikin wannan gamuwa, wani ɗan kaso na barasa yana juyewa ya zama wani sinadari mai suna asitaldihaid, wanda yake aiki kamar igiya, yana ɗaure sarƙar tanin da wata sarƙar, ko ya ɗaure ta da ƙwayar launi.

Ƙwayar launin nan sunanta antosayanin, kuma mai karatu ya san ta ko bai san sunanta ba, domin danginta ne suke sa zoɓo ja. Ita kaɗai ba ta da ƙarko. Cikin 'yan shekaru kaɗan yawancinta yakan ɓace daga giyar, ko dai ta rushe ko ta haɗe da tanin ta zama sabon launi wanda ya fi jure zamani. Shi ya sa launin yake tashi daga shuɗi-shuɗi ya koma ja, daga ja ya koma kalar jan bulo, a ƙarshe ya koma ruwan ƙasa. Wasu daga cikin ƙwayoyin da suka haɗu sukan yi girman da ruwa ba zai iya riƙe su ba, sai su kwanta a jikin kwalba kamar laka.

Shekaru da yawa littattafai suna koyar da cewa wannan kwanciya ita ce dalilin raguwar bauri: tanin ya yi tsawo, ya yi nauyi, ya faɗi, bauri ya tafi. Bayani ne mai sauƙin haddacewa, amma binciken da aka yi daga baya, musamman a cibiyar binciken inabi ta Adelaide a ƙasar Ostareliya, ya nuna bai cika ba. An auna tsofaffin giya an tarar da tanin mai yawa yana nan bai faɗi ba. Abin da ya sauya shi ne siffarsa. A cikin ruwa mai tsami sarƙoƙin suna tsinkewa suna sake ƙulluwa ba fasawa, wasu su gajarta, wasu su yi rassa su dunƙule, wasu ƙwayar launi ta toshe musu baki. Tanin ɗin da ya dunƙule ya rage hannuwan da zai kama furotin da su, sai baurinsa ya yi laushi. Yana da kyau malamai su nuna wa ɗalibai wannan misali, don su ga cewa abin da ke cikin littafin kimiyya ma ana yi masa gyara idan ma'auni ya ƙaryata shi.

Sharuɗɗan ɗakin ajiya duka daga nan suka fito. Ana son sanyi na kimanin digiri 12 zuwa 14 wanda ba ya hawa da sauka, shi ya sa ake haƙa ɗakin a ƙarƙashin ƙasa. Ana son duhu, domin haske yana rusa launi da ƙamshi. Ana son laima ta kimanin kashi 70 cikin 100, kuma ana kwantar da kwalba a gefenta, don kada toshiya ta bushe ta tsuke iska ta kwararo. In iska ta yi yawa, ba tsufa za a samu ba, lalacewa ce, kuma idan bakteriya suka samu shiga sai barasar ta koma ruwan khal.

Batun sanyi ya cancanci ɗan lissafi. Akwai ƙa'ida ta kusan-kusan a ilmin haɗa sinadarai cewa duk ƙarin zafi na digiri 10 yana ninka saurin haɗuwar sinadarai sau biyu. Daga digiri 13 zuwa 23 ninki biyu ke nan, zuwa 33 ninki huɗu, zuwa 43 ninki takwas. Wanda ya san zafin Gusau a watan Afrilu, a cikin shago mai rufin kwano, ya san digiri 40 ba abin mamaki ba ne. Kuma ba dukkan sauye-sauyen ne suke ƙara sauri daidai wa daida ba, na ɓarna sukan tsere wa na gyara. Wannan ƙa'ida ce ta sa ake rubuta a jikin kwalin magani cewa a ajiye a wuri mai sanyi, kuma abin takaici ne yadda ake shanya magunguna a faranti a tsakiyar rana a kasuwanninmu.

Komawa ga huhu

Yanzu a dubi abin da ɗan kasuwar goro yake yi. Yana shimfiɗa ɗanyen ganye a huhu ya jera goro ya rufe, ya ajiye a ɗaki mai inuwa da sanyi. Lokaci-lokaci yana kwancewa ya tsince wanda sankara ta kama, ya sauya ganye, ya yayyafa ruwa. Sanyi, duhu, laima, da iska 'yar kaɗan: sharuɗɗan nan huɗu su ne na ɗakin Bordo, ba ragi. Fataken da suka riƙa ɗauko goro daga Gwanja, a ƙasar Gana ta yau, suna tafiyar watanni da jakuna kafin su iso Kano ko Sakkwato, da wannan ilmi suka riƙe hajarsu.

Sai dai akwai bambanci, kuma kada ɗalibi ya yi gaggawar cewa abu ɗaya ne. Goro iri ne mai rai, yana numfashi a cikin huhu, yana rage ruwan jikinsa a hankali, kuma akwai sinadaran da ke gaggauta aiki a cikin ƙwayoyinsa waɗanda babu su a kwalba. Za ka ga aikinsu idan ka ɓare goro ka ajiye: cikin mintoci wurin da ka gatsa zai yi ja-ja ya koma ruwan ƙasa, domin katekin ya gamu da oksijin. Abin da ke ɗaukar shekaru a kwalba yana faruwa a gaban idonka. Gwanintar mai huhu ita ce ya hana wannan gaggawa.

Bagaruwa da jar fatar Sakkwato

A fadamu da bakin gulbin Sakkwato, daga wajen Gusau har Bungudu, da kewayen ƙauyuka irin na Ruwan Bore, akwai itacen da ya fi kowane amfani da tanin a ƙasar Hausa, wato bagaruwa ko gabaruwa. Kwanson 'ya'yanta, in an cire ƙwallayen, yakan ƙunshi tanin da ya kai kashi 20 cikin 100 na nauyinsa ko fiye, kuma yana ɗauke da gidajen tanin biyun nan a gauraye.

Fata furotin ce, sunan furotin ɗin kolajin, zare-zare ne a saƙe. In an bar ta ɗanya, bakteriya su cinye ta, in ta bushe ta ƙandare. Majemi yana jiƙa ta a ruwan toka ko farar ƙasa gashi ya saki, ya kankare, ya tausasa ta, sa'an nan ya tsoma ta a ruwan dakakkiyar bagaruwa. Tanin yana ratsa saƙar yana kama zare da zare, daidai yadda yake kama furotin ɗin yawu, sai dai a nan ɗaurin na dindindin ne. Ana iya auna bambancin: ɗanyar fata tana tsukewa a ruwan da zafinsa ya kai kimanin digiri 60 zuwa 65, wadda aka jeme da tanin kuwa sai wajen 75 zuwa 85. Jan launin da dukawa ke sa wa fata daga karan dafi yake fitowa, kuma sinadarin da ke cikinsa ɗan uwan antosayanin ne. Ashe tanin da jan launi, waɗanda suka haɗu a kwalbar Turawa, sun daɗe da haɗuwa a fatar akuyarmu.

Fatar jar akuyar Sakkwato da Maraɗi ta ratsa Sahara shekaru aru-aru, ta isa Turai ta tashoshin Arewacin Afirka, har Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko. Heinrich Barth, wanda ya zo Kano a 1851, ya rubuta labarin takalma da jemammun fatun da ake fitarwa daga birnin. A ƙarshen ƙarni na 19 ɗakunan karatu na Ingila suka lura cewa bangon littattafansu na fata yana yin ja yana marmashewa. Kwamitin da aka kafa a Landan ya fitar da rahoto a 1901, inda ya nuna cewa fatun da aka jeme da tanin irin na gida na biyu sun fi saurin lalacewa a iskar birni mai hayaƙin gas da kwal, na gida na farko kuwa sun fi ƙarko. A wannan zamani ne masu ɗinkin littattafai na Ingila suka riƙa neman fatar akuya ta Nijeriya wadda aka jeme da bagaruwa, saboda sun ga tana jure shekaru. Abin lura a nan shi ne, irin tanin da tsufa yake gyarawa a kwalba, shi ne tsufa yake ɓatawa a bangon littafi.

Tun da Augustus Schultz ya yi rajistar jima da gishirin kuromiyam a Amurka a 1884, masana'antu suka karkata can, domin aikin yana ƙarewa a yini guda kuma fatar tana jure ruwan da ke tafasa. Yanzu wajen kashi huɗu cikin biyar na fatun duniya da shi ake jeme su, har da na masana'antun Kano a Challawa da Sharaɗa, kuma an sha yin bincike a kan dattin da ruwan jima yake zubarwa a kogin Challawa. Majeman gargajiya irin na Ƙofar Wambai a Kano suna nan da bagaruwarsu, cibiyar binciken fata da ke Samaru, Zariya, ta yi aiki a kanta, kuma akwai masu saye a ƙasashen waje da ke neman fatar da aka jeme da tsiro musamman. A ganina, mai sare bagaruwa don gawayin buhu biyu bai yi lissafin kwanson da za ta zubar a shekara ashirin ba.

Akwai wani ɓangare da ya shafi kowane gida. Tanin yana kama ƙarfe kamar yadda yake kama furotin. Shan baƙin shayi tare da abinci yana iya rage sinadarin ƙarfen da jiki zai tsotsa daga hatsi da wake da ganye da fiye da rabi. Ga mace mai ciki ko yaron da jininsa ya yi ƙasa, gara a jinkirta shayin kamar awa guda bayan cin abinci.

Gwaji a aji

Malami ba ya bukatar ɗakin gwaje-gwaje don nuna wannan darasi. A jiƙa dakakkiyar bagaruwa a ruwan ɗumi a tace. A jiƙa ƙusoshi masu tsatsa a ruwan lemon tsami kwana biyu ko uku. A ɗiga ruwan ƙusar a cikin ruwan bagaruwa, nan take zai koma baƙi ƙirin. Wannan shi ne asalin baƙin rinin da dukawa ke haɗawa da kashin maƙera, kuma irinsa ne tawadar da aka rubuta littattafan Turai da ita ɗaruruwan shekaru. A maimaita da ruwan shayi, da ruwan dakakken sabon goro, da na daushe, a jera kofunan a gwada duhunsu.

Na biyu, a kaɗa farin ƙwai kaɗan a ruwa, a zuba ruwan bagaruwa a kai, a sa ɗalibai su bayyana gudajin da suka gani da abin da ya haɗa su da bauri.

Na uku yana bukatar haƙuri. A dafa zoɓo ba sukari, a tace, a raba kwalabe huɗu masu tsabta: biyu a cike har baki, biyu rabi. A rufe duka. A ajiye cikakkiya ɗaya da rabi ɗaya a gindin randa cikin duhu, sauran biyun a kan taga inda rana ke bugawa. Kowace safiya ɗalibi ɗaya ya ɗiga daga kowace kwalbar rabi a farar takarda ya rubuta kwanan wata, cikakkun kuwa kada a buɗe su sai rana ta goma. Ba a shan ko ɗaya daga ciki. A ranar ta goma a jera takardun a allo, kowane ɗalibi ya faɗi kwalbar da ta fi riƙe janta, ya kuma kawo dalilinsa a rubuce.